Hannuwan Musa da Auren Mangwaro

An haife ni a shekarar 1961 a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, a gidan manoma Kirista, na kuma yi shekara 35 ina koyarwa a makarantun firamare kafin in yi ritaya. A bara dattawan ikilisiyarmu suka ba ni minti goma in ba da shaida a lokacin sujada, na tashi na fara, amma ko kwatar abin da ke cikina ban faɗa ba lokaci ya ƙare. Shi ya sa na zauna na rubuta shi a tsanake, domin abin da nake so in faɗa ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi, kuma ban gane shi a cikin daɗi ba.

Mahaifina yana da lambu a fadama, sana'arsa kuwa bayan noman damina ita ce auren mangwaro. Yana da Littafi Mai Tsarki irin na tsohuwar fassara, wadda aka fara bugawa a 1932, mai baƙin bango da ya sha ɗinki da zaren buhu, kuma kowane dare bayan tuwo yakan kunna fitilar ƙwai ya karanta mana. A bakinsa muka san Ibrahim da Saratu, da Yusufu da 'yan'uwansa, da Dawuda da majajjawarsa, har muka ɗauke su tamkar mutanen ƙauyen da ke gaba da namu, masu kiwon tumaki, masu faɗa a kan rijiya, masu kishiya da rikicin gādo. Abin mamaki shi ne, duk tsawon ƙuruciyata bai taɓa faɗo mini a rai ba cewa waɗannan mutane suna da wata alaƙa da Yahudawa. A kunnenmu, Bayahude zagi ne. In mutum ya cika wayo a ciniki ko ya hana bashi, sai a ce ya yi yahudanci, mu ma kuma haka muke faɗa, ko da yake a wajen wasu yaran unguwa da mu da Yahudawan duk kanwar ja ce, tunda ba a cika ambaton Yahudu ba a haɗa da Nasara ba.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka sa ni a wasan kwaikwayon Ista. Ba a ba ni Bitrus ba, ba a ba ni Yahaya ba, sai aka sa ni cikin taron da ake kira Yahudawa. Aka manna mana gemun auduga da ƙaro, aka shafa mana gawayi a gira domin mu yi muni, aikinmu kuwa shi ne mu riƙa tsalle muna ihu cewa a gicciye shi. Na yi ihun da dukan ƙarfina har muryata ta dushe, mata suna tsaki suna Allah wadai da mu, ni kuwa ina jin daɗi don na iya wasa. Daga ranar nan hoton ya zauna mini daram: Yesu da almajiransa Kirista ne irinmu, Yahudawa kuwa su ne masu gemun auduga da suka kashe shi. Na girma da wannan hoton, na yi aure da shi, na kuma koyar da shi ga yaran makarantar Lahadi shekara da shekaru ba tare da kowa ya ce mini kanzil ba.

Game da bangaskiya kuwa, na ɗauke ta kamar wani ƙarfi ne da mutum yake tarawa a ƙirjinsa, wanda in ya kai mudu sai Allah ya amsa, in ya gaza sai a koma hannu wofi. Na haddace farkon sura ta 11 ta wasiƙar Ibraniyawa, ina iya karanta ta da ka ko an tashe ni daga barci, amma abin da na fahimta a cikinta shi ne kada in bar ko ɗigon shakka ya shiga zuciyata. Muddin gida yana lafiya, albashi yana zuwa, masara tana yin kyau, wannan fahimtar ba ta ba ni matsala ba.

Autarmu ta zo duniya a 1991, kuma ba ta cika shekara ɗaya ba muka ga hannuwanta da ƙafafunta suna kumbura tana kuka ba dare ba rana. A asibiti aka gaya mana sikila ce. A zamanin da muka yi aure ba wanda ya san zancen gwajin jini kafin ɗaurin aure, ni da maiɗakina kuwa ashe duk muna ɗauke da irin ciwon ba mu sani ba. Wanda bai yi jinyar mai sikila ba da wuya ya san abin da ake nufi in aka ce ciwo ya tashi. Yakan fi zuwa da sanyin hunturu ko da saukar ruwan farko, sau da yawa da tsakar dare. Uwarta ta hura gawayi ta ɗora ruwa, ni in jiƙa tawul in matse in ɗora mata a gwiwa da kwankwaso, in ya huce in sake, tana cije leɓe tana cewa, Baba, kamar ana sara mini ƙashi da gatari. In abin ya ƙi, sai a nemi babur zuwa bakin titi, a nemi mota zuwa asibiti, a shiga neman wanda jininsa ya dace domin ƙarin jini. Haka muka yi shekara goma sha tara. Duk da haka ta gama sakandare, tana cikin ƙungiyar mawaƙa, kuma ita ce mai ba kowa dariya a gidan.

A shekarar da ta rasu, wani mai wa'azi ya zo garinmu taron farkawa na kwana uku, muka kai ta. Ya ɗora mata hannu, ya ce ta warke, ya kuma ce mana duk wanda ya koma ga magani bayan wannan addu'a ya nuna bai gaskata ba. Ba mu daina maganin ba, domin uwarta ta ce sai dai a bi ta kan gawarta, amma ni na dawo gida da ƙaya a zuciya. Bayan wata biyu, cikin Disamba na 2010, ciwon ya tashi ya kama ta a ƙirji, kwana huɗu muka yi a asibiti, a daren na biyar ta cika tana riƙe da babban yatsana. A zaman makoki wani ɗan'uwa, wanda na tabbata da kyakkyawar niyya ya faɗa, ya matso kusa da ni ya ce da mun tsaya a kan maganar bawan Allah nan da ba haka ba. Ban amsa masa ba, amma maganar ta shige ni kamar dafi, domin daidai take da abin da ni kaina na yi shekaru ina koyarwa. In bangaskiya mudu ce, to, mudun nawa ne bai cika ba, ke nan ni na kashe 'yata.

Na yi wata bakwai ban buɗe baki na yi addu'a ba. Ina zuwa sujada don kada a yi magana, ina zama a bencin baya, in aka tashi waƙa in tashi, leɓuna ba sa motsi. Na ajiye koyarwar makarantar Lahadi da hujjar ciwon kai. Matan zumunta sun yi ta zuwa da abinci da itace, suna zama da maiɗakina suna waƙa a hankali, ni kuwa da na ji sallamarsu sai in zare jiki in tafi lambu.

A lambun ne Baba Malam ya same ni. Tsoho ne da ya haura tamanin a lokacin, ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya kuma taɓa ɗan karatun Ibrananci a ƙuruciyarsa. Asalin gidansu daga cikin mutanen nan ne da ake kira Isawa, ko 'Ya'yan Isra'ila, mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa, waɗanda wasu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila, ɗan mishan Bature, a Zariya wajen 1913, suka zauna a Gimi har ciwon barci ya tarwatsa su, ragowar suka ƙarasa Wusasa. Ya zo yana dogara sanda, ya zauna a kan tushen wani mangwaro, bai yi mini ta'aziyya irin ta kullum ba, bai kuma tambaye ni dalilin da ya sa na daina koyarwa ba. Ya daɗe yana kallon yadda nake ban ruwa, sa'an nan ya ce, «Ɗana, an ce mini bangaskiyarka ta ƙare.» Na ce, «Baba, gaskiya aka faɗa maka.» Ya ce, «To, madalla. Zo ka karanta mini wani wuri, idona ba ya gani sosai.»

Ya sa na buɗe Fitowa sura 17, labarin yaƙin Isra'ilawa da Amalekawa a Refidim. Joshuwa yana fagen fama a ƙasa, Musa yana kan tudu da sanda, in ya ɗaga hannu Isra'ila ta yi rinjaye, in ya sauke Amalek ta yi rinjaye. Hannuwan Musa suka gaji, sai aka kawo dutse ya zauna, Haruna ya riƙe hannu ɗaya, Hur ya riƙe ɗaya, hannuwan suka tsaya har faɗuwar rana. Na san labarin tun ina yaro, na ce masa haka. Ya ce in sake karanta aya ta 12, in tsaya a kan kalmar da ta ce hannuwan sun tsaya. Ya ce a harshen da aka rubuta littafin, kalmar nan ita ce emuna, kuma ita ce kalmar da aka fassara da bangaskiya a littafin Habakuk, inda aka ce mai adalci zai rayu ta wurin bangaskiyarsa, ayar da Bulus ya ɗauko ya kafa wasiƙarsa ta Romawa a kanta. Ya dube ni ya ce, «Hannuwan tsoho ne da suka gaji, ba ya iya ɗaga su, wasu ne suka tallafe su, amma Littafi ya kira su bangaskiya. Kai wa ya gaya maka sai mai ƙarfi ne yake da ita?»

Ban ce komai ba, shi kuwa ya ci gaba kamar yana aji. Ya ɗauki tsinke ya rubuta baƙaƙe uku a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ce daga wannan saiwa ɗaya kalmar emuna ta fito, daga ita kuma Amin ta fito, wadda muke faɗa a ƙarshen kowace addu'a ba tare da mun san Ibrananci muke yi ba. Larabci ɗan'uwan Ibrananci ne, saiwar tana can ma, ta nan kuwa ta shigo bakinmu: amana, aminci, amini, amincewa, imani. Ya ce Bahaushe bai rasa sanin abin ba, domin in ka ba mutum amanar gonarka ka yi tafiya, ba wani zafi kake ji a ƙirji ba, kawai ka san halinsa ne, ka kuma tafi ka bar masa. Daga saiwar nan ce kuma aka sami kalmar mai reno, wadda aka kira Na'omi da ita sa'ad da ta rungumi jaririn Rut. Ya ce in dubi goyo a bayan uwa: yaron yana barci, kansa yana lilo, bai riƙe komai ba, zane da majanyi ne suka riƙe shi. A wannan ranar ban yi addu'a ba, amma da ya tafi na zauna a inda ya tashi na yi kukan da ban yi ba a ranar jana'iza.

Daga nan na riƙa zuwa gidansa kowace Alhamis da la'asar, har kusan shekara biyu, ni in karanta, shi ya yi bayani. Bai fara da ni daga Sabon Alkawari ba. Ya kai ni wurin Habakuk, wanda ya buɗe littafinsa da tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a ji shi ba, a daidai lokacin da Kaldiyawa suke tasowa za su cinye ƙasar, ya kuma rufe shi da cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Allahnsa. Ya kai ni Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko ayar ta'aziyya ɗaya a ƙarshenta, amma aka bar ta cikin littafin waƙoƙin sujada. Ya kai ni Makoki, wanda aka rubuta a kan kangon Urushalima bayan Babila ta rushe ta, inda a tsakiyar kukan marubucin ya ce wa Allah amincinka mai girma ne, kalmar kuwa ita ce dai emuna. Wannan ya girgiza ni ƙwarai, domin ya nuna mini cewa kafin a nemi emuna a wurin mutum, Allah ne mai ita. Ibrahim da aka ce ya gaskata Ubangiji a Farawa 15, a cikin surar nan ma ya tambayi Allah ta yaya zai san zai gāji ƙasar, a sura ta 17 kuma ya faɗi rubda ciki ya yi dariya da aka ce masa zai haihu yana da shekara ɗari. Mutanen nan suna gardama da Allah, suna kai ƙararsa a gabansa, amma ba sa barin ƙofarsa. Ni kuwa an koya mini, na kuma koyar, cewa tambaya kafirci ce.

Wata Alhamis na ce masa, «Baba, ashe mutanen Tsohon Alkawari sun fi mu sanin wahala.» Ya yi murmushi ya ce, «Ka ce Yahudawa mana, me kake jin tsoro?» Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ya sa na buɗe Luka sura 2, muka bi ta a hankali. An yi wa Yesu kaciya a rana ta takwas bisa ga alkawarin Ibrahim. An kai shi Haikali, iyayensa suka miƙa kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, wanda bisa ga Littafin Firistoci sura 12 hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago ce, wato dai Maryamu Bayahudiya ce matalauciya mai kiyaye Attaura. Kowace shekara suna zuwa Urushalima Idin Ƙetarewa. Da ya girma, Luka ya ce ya shiga majami'a a Nazarat ran Asabar kamar yadda ya saba, aka miƙa masa littafin Ishaya ya karanta. Matar nan mai zubar jini da ta taɓa gezar rigarsa, gezar nan ita ce tuntun da Littafin Ƙidaya sura 15 ya umarci Isra'ilawa su sa a kusurwoyin tufafinsu. Da aka tambaye shi doka mafi girma, bai ƙago sabuwa ba, ya karanta abin da kowane Bayahude mai ibada yake karantawa safe da yamma har yau, cewa Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne, ya haɗa da umarnin ƙaunar maƙwabci daga Littafin Firistoci. Jibin Ubangiji da muke ci, Linjila uku sun nuna a teburin Idin Ƙetarewa aka kafa shi. A kan gicciye ma, kukan da ya yi na cewa Allahna, Allahna, don me ka yashe ni, farkon Zabura 22 ne. Almajiransa sha biyun nan duka Yahudawa ne, Bulus kuma da bakinsa ya ce shi Ba'ibrane ne, daga kabilar Biliyaminu, Bafarisiye, wanda ya yi karatu a gaban Gamaliyel. Sunan Kirista ma sai daga baya aka fara kiran almajirai da shi, a Antakiya.

Na san waɗannan ayoyi duka, wasu ma na sa yara sun haddace su, amma gemun audugan nan ya rufe mini ido. Na tuna gicciyewa hukuncin Romawa ne, Bilatus ne ya ba da umarni, sojojinsa ne suka buga ƙusa, kuma in akwai Yahudawa cikin masu ihu, to, matan da suka tsaya a gindin gicciye suna kuka su ma Yahudawa ne, haka wanda ya ba da kabarinsa.

Wurin da ya fi kama ni shi ne Romawa sura 11, saboda a nan Bulus ya shigo sana'ar gidanmu. Ga yadda mahaifina ya koya mini auren mangwaro. Za ka shuka ƙwallon mangwaron gida, mai zare, wanda ba a sayensa da daraja amma saiwarsa tana jure fari. In ya yi kamar shekara, kaurinsa ya kai na fensir, sai ka yanke kansa da wuƙa mai kaifi, ka tsaga shi a tsakiya kamar tsawon gaɓar yatsa. Ka je wurin itacen kirki mai zaƙi ka yanko ɗan reshe mai ido, ka fere gindinsa gefe biyu ya zama kamar bakin gatari, ka cusa shi cikin tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, don in ba su haɗu ba ruwan itacen ba zai hau ba. Ka ɗaure da tsinken leda tam, ka rufe kada iska ta busar da shi, ka jira kamar mako uku. In ya kama, za ka ga ido ya fashe da ɗan jan ganye. Kullum reshen kirki ake ɗorawa a kan gindin banza, ban taɓa ganin wanda ya yi akasin haka ba. Bulus kuwa ya ce mu Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura a kan zaitun na gida, ya kuma faɗa da kansa cewa wannan saɓanin yadda aka saba ne. Da na karanta sai na ajiye littafin na yi dariya, karo na farko tun rasuwar Auta, na ce, «Baba, ai wannan aikin hasara ne, ba manomin da zai yi shi.» Ya ce, «Shi ya sa ake kiransa alheri. Karanta aya ta 18.» A can Bulus ya gargaɗe mu kada mu yi wa rassan asali fahariya, domin ba mu muke ɗauke da saiwar ba, saiwar ce take ɗauke da mu.

Baba Malam bai ɓoye mini yadda ikilisiya ta yi da wannan gargaɗi ba. Tun ƙarni na biyu wani mai suna Markiyon ya ce a jefar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, wai Allahn Yahudawa dabam ne da Uban Yesu, ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144, amma ra'ayinsa bai mutu ba, ni kaina na yi shekaru ina ɗauke da ɗan guntunsa. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, wanda ayar Habakuk ta bakin Bulus ta buɗe masa ido, shi ne kuma a 1543 ya rubuta munanan maganganu a kan Yahudawa, har ya ce a ƙone majami'unsu. A Turai, ƙasashen da ake buga ƙararrawar coci, aka hallaka Yahudawa miliyan shida a zamanin Hitila. Sai a 1965 ne babban taron Katolika na Batikan ya fito fili ya ce ba za a ɗora alhakin mutuwar Almasihu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yau ba. Da na ji waɗannan, sai na daina ganin wasanmu na Ista a matsayin wasan yara.

Baba Malam ya rasu a 2013, a shekara ta gaba kuma 'ya'yana suka haɗa kuɗi na tafi ziyarar Urushalima. Ba zan cika ku da labarin tafiya ba. A Kafarnahum na ga farar majami'ar da aka gina ƙarnuka bayan zamanin Yesu, a ƙarƙashinta kuma ga baƙaƙen duwatsun wani gini da ya girme ta, na tsaya ina kallon inda fari ya hau kan baƙi ina tuna tsagar mangwaro. Na ga inda ake ajiye littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran a 1947, cikinsu har da naɗaɗɗen littafin Ishaya mai tsawon fiye da mita bakwai, wanda aka rubuta tun kafin haihuwar Yesu. Ran Jumma'a da yamma na ga kasuwa ta watse, motoci sun ragu, iyaye suna tafiya majami'a riƙe da hannun 'ya'yansu. A Baitalami kuma na yi sujada kusa da Kirista Falasɗinawa waɗanda suke kiran sunan Allah da kalmar da muke kiransa, na ga katangar da ta raba su da Urushalima, na kuma ji nauyin rayuwarsu. Saboda haka kada wani ya ɗauka shaidata goyon bayan wata gwamnati ce ko wani yaƙi. Haka kuma ban dawo da ƙaho ko mayafin addu'a irin na Yahudawa ba, ko da yake abokan tafiyata da yawa sun cika jaka da su, har da ruwan Urdun a gora, wasu ma suna ganin addu'a ta fi karɓuwa in an yafa mayafin. A ganina wannan komawa ce ga tsohon mudun nan da sabon suna. Tun a Ayyukan Manzanni sura 15 manzanni suka yanke cewa ba sai Ba'al'umme ya zama Bayahude kafin ya bi Almasihu ba, kuma reshen da aka aura ba ya zama saiwa, ganyensa da 'ya'yansa nasa ne.

Har yau ban san dalilin da ya sa Allah bai warkar da Auta ba, kuma na daina karɓar amsar duk wanda ya ce ya sani. Addu'ar da na fara yi bayan wata bakwai ɗin nan ba tawa ba ce, aro na yi daga wani uba Bayahude a Markus sura 9, wanda shi ma ɗansa ke fama da ciwo tun yana ƙarami, ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Yesu bai kore shi ya je ya cika mudu ba. Daga baya ne kuma na gane cewa a watannin da nake gudu lambu, matan zumuntan nan masu kawo itace da tuwo su ne Haruna da Hur na gidanmu, na bi su gida gida na yi musu godiyar da ban yi ba a lokacin, wasu ma sun manta sun zo.

Na koma koyar da makarantar Lahadi, kuma da Ista ta zagayo na roƙi dattawa su bar mini shirya wasan. Na hana gemun auduga da gawayi. Na sa an ɗinka wa yaron da ya fito a Yesu riga mai tuntu huɗu, haka Bitrus da Yahaya da sauran, haka kuma masu ihun, duk shiga iri ɗaya, sojojin Roma kaɗai ne suka bambanta. Wani dattijo ya ja ni gefe bayan sujada ya ce, «Malam, yau ka rikita mu, ba a gane Yahudawa daga almajirai.» Na ce masa, «Baba, a ranar ma ba a gane su ba.» Bai gamsu ba, har yanzu in mun haɗu yakan taso da zancen, amma shekara tara ke nan ba a sake sayen auduga don wasan Ista ba.

A unguwarmu yanzu akwai gidaje uku masu 'ya'ya masu sikila, biyu na Kirista, ɗaya na maƙwabcina Musulmi, duk kuma suna da lambar wayata. In sanyi ya shigo nakan kwana da waya a kusa da kai, maiɗakina kuma ba ta barin gawayi ya ƙare. Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, aka kira ni daga ɗaya daga cikin gidajen. Na ɗauki tawul biyu da fulas na ruwan zafi na tafi, na tarar da uban a tsakar gida ya dafe kai, yana cewa shi kam ya gaji, ba ya jin zai iya addu'a kuma. Na jawo masa turmi na kife na ce ya zauna, na shiga ɗaki na karɓi tawul daga hannun uwar.